Bangon Gabas na Soron Gandu

Fatakwal,
8 ga Janairu, 2024

Zuwa ga Baba Malam Sulaimanu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da sauran dangi. Mu ma nan lafiya ƙalau, alhamdu lillahi.

Baba, ba ka san ni ba, kuma laifin daga ɓangarenmu yake. Sunana Jafaru, ɗan marigayi Ikrima, jikan Usaini ƙanen mahaifinka, wanda ya bi aikin jirgin ƙasa ya yi kudu tun ba a haife ka ba, bai sake komawa gida ba. A nan Fatakwal aka haife ni, a nan nake aikin injiniyan gine-gine. Shekarata arba'in da shida ban taɓa taka ƙasar Birnin Kudu ba.

Wadda ta tayar da ni ita ce 'yata Sadiqa, tana jami'a yanzu. Ran nan ta tsare ni da tambaya, wai mu 'yan ina ne. Na ce mu zuriyar Malam Iliyasu Mai Soro ne. Ta ce to ina soron? Ni kuwa sunan kaɗai na gada. Wallahi kunya ta kama ni.

Sai Allah ya haɗa ni da wani direba, Musaddiq, mai kawo mana tattasai da albasa daga Gwaram. Ina ambatar sunan kakanmu ya ce ai Soron Gandu ke nan, can wajen Yalwan Damai, kuma makullinsa yana hannunka. Shi ya ce kada in wahalar da kaina da waya, kunnenka ya yi nauyi, takarda kake so. Ga ta nan na ba shi.

Ina neman izini in zo da maiɗakina Turai da Sadiqa cikin watan gobe, mu yi kwana uku, mu ga gida, mu ga dangi. Idan da takura ka faɗa mini, ba zan ji haushi ba.

Ɗanka,
Jafaru Ikrima

Soron Gandu,
21 ga Janairu

Ɗana Jafaru,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na karanta ta sau uku, na ukun da ƙarfi don na zaure su ji. Lafiyarmu lau, in ban da gwiwoyina da suka fara yi mini gardama. Allah ya ji ƙan Ikrima. Ban taɓa ganinsa ba, amma na yi masa addu'a kamar ɗaki ɗaya muka tashi.

Wai izini kake nema. Kai Jafaru, haka ake yi a Fatakwal? Mutum ya tsaya a ƙofar gidan kakansa yana neman izini? Ka ɗauko iyalinka ka taho. Ita kuma mai tambayar nan, Sadiqa, ka gaya mata mijinta na ƙauye yana nan yana jira, kada ta kuskura ta zo mini hannu rabbana.

Bari in ɗan ba ka labarin abin da za ka gani, don kada ka zo ka saki baki a gaban mutane. Kakana Malam Iliyasu ya gina soron nan a tsakiyar gandunsa tun Bature bai shigo Kano ba. Da safe ɗalibansa suna gona, da yamma suna gabansa da littafi. Bene ne na ƙasa zalla. Rufinsa azara ce, rufin zaurensa a lanƙwashe yake kamar bakan gizo, ba ƙusa ko ɗaya a ciki. A sama akwai ɗakin littattafan da ya rubuta da hannunsa, suna nan cikin gafakarsu. Rijiyar da ya haƙa har yau ita muke sha. 'Yan makaranta suna zuwa kallo mota-mota, daga Dutse, daga Kano, har Turawa sun zo suna ta ɗaukar hoto, kuma ni nake zagayawa da su. Shekara ɗari da ashirin da ɗoriya gidan nan yana tsaye, bai taɓa ganin buhun siminti ba.

Zan kai ku duwatsun Birnin Kudu ku ga zanen mutanen da. Sannan mu je Gwaram wurin 'yata Barira, a can take aure, tana koyarwa a Islamiyya.

Abu ɗaya ne ba na son ka gani, amma dole ka gan shi. Bangon gabas ya tsage. Daga gabas ruwa yake zuwar mana, shi yake shan duka kowace damina. In ba a yaɓe shi bana ba, ban ce zai kai kaka ba, kuma a kansa ɗakin littattafai yake zaune. Sai kun zo.

Ubanka,
Sulaimanu Abdulsalami

Fatakwal,
19 ga Fabrairu

Baba,

Assalamu alaikum. Mun iso gida lafiya. Ya gajiyar baƙi, ya gwiwa? Turai tana gaishe ka da kyau. Sadiqa ta ce in gaya maka shayin da ta kawo maka naka ne kai kaɗai, kada ka rabar wa 'yan zaure.

Ban san ta inda zan fara godiya ba. Da ɗan acaɓa ya karya kwana muka hango soron a tsakiyar gonaki, dogo, ja, kai kuma kana tsaye a gindin tsamiya cikin farar riga, sai na ce ya tsaya, na sauka na ƙarasa da ƙafa. Na gina benaye da yawa a garin nan, Baba, amma ban taɓa tsayawa a ƙarƙashin rufi na ji alfahari kamar yadda na ji a zauren nan ba. Rana tana ƙuna a waje, ciki sanyi kamar bakin randa. Na daɗe ina bin bakan gizon da ido ina neman inda nauyin yake sauka. Mutumin da bai taɓa riƙe takardar zanen gini ba ya yi abin da ni sai na zauna na yi lissafi.

Da ka buɗe gafaka ka nuna mana rubutun Malam Iliyasu, Sadiqa ta ƙi taɓawa sai da ta sake alwala. Da ka kai mu ɗakin da kakana Usaini ya kwana har ranar tafiyarsa, ta fita waje ta yi kuka. Yanzu duk wanda ya shigo gidanmu sai ta tsare shi da hotuna.

Duwatsun Birnin Kudu ma ba za mu manta ba. Shanun nan ja masu dogayen ƙaho da aka zana a cikin kogo, ba wanda ya san hannun da ya yi su, ga su nan har yau. Turai ta ƙi yarda dutse yana ƙara kamar ƙarfe sai da ta ƙwanƙwasa da kanta, daga nan kuma da ƙyar muka raba ta da shi. Kai kuwa kana zaune a ƙasa kana ɗaga mana sanda, wai ba nan ba, mu yi hagu. Ashe kai ne da gaskiya, mai rakiyarmu ne ya ɓata hanya.

A Gwaram Barira ta cika mu da dambu da fura har muka kasa tashi. Turai ta kwaso daddawa da tabarmi a kasuwa kamar za ta buɗe shago.

Sai maganar bangon gabas. Na sa hannu a tsagar, yatsuna huɗu suka shige. Ka tsaya ka dubi bangon, ka dube ni, ka sake duban bangon. Abin ya tsaya mini a rai. Kada ka damu, Baba, ina tunani a kai.

Ɗanka,
Jafaru

Soron Gandu,
4 ga Maris

Ɗana Jafaru,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah da kuka isa lafiya. Gida ya yi shiru bayanku. Ka gaya wa amaryata shayinta ya ƙare, 'yan zaure sun fi ƙarfina. Gwiwa kuwa sai godiya, yanzu sallah ma a zaune nake yi.

Na ji daɗin abin da ka faɗa a kan zaure. Na karanta wa mutane wurin da ka ce sai ka yi lissafi, suka ce ashe injiniyan ma ya sallama.

Ɗorawa ta fara nuna. In an sauke ta aka sami makuba, wato ɓawonta da muke jiƙawa mu kwaɓa da ƙasa don ruwa ya riƙa zamewa, sai yaɓe. Dangi sun zauna sun sa rana, Asabar ta farko a watan Mayu. Ranar nan duk zuriyar Malam Iliyasu suke haɗuwa, na Gwaram, na Basirka, na cikin Birnin Kudu. Bangon yamma da na kudu da na arewa duk masu yi suna nan, matasa ne ƙarfafa.

Na gabas ne ban san wanda zai shiga masa ramin kwaɓi bana ba. Shekara arba'in da biyu ni nake shiga, kafin ni mahaifina. Yanzu ƙafa ta ƙi. Na dai ce bari in gaya maka ranar, tun da ka ce kana tunani.

Ubanka,
Sulaimanu

Fatakwal,
21 ga Maris

Baba,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, ya ibada? Allah ya karɓa mana. Mu duka lafiya.

Na fahimci takardarka sarai, kuma na ji kunya da har sai da ka faɗa. Bai kamata dattijo kamarka ya riƙa shiga taɓo kowace shekara ba alhali yana da ɗa injiniya. Tun a takardarka ta farko ka ce gidan bai taɓa ganin buhun siminti ba. To bana zai gani.

Musaddiq zai kawo siminti da ragar ƙarfe, tare da magina biyu da na yarda da aikinsu. Za su cike tsagar, su ɗaure bangon da raga, su shafe shi tas. In sun gama, kai da ramin kwaɓi har abada. Ba sai an jira watan Mayu ba. Ni aiki ya riƙe ni, amma na yi musu bayanin komai.

Ka huta, Baba, ɗanka ya ɗauke maka.

Jafaru

Soron Gandu,
2 ga Afrilu

Jafaru,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Da bakin azumi nake rubuta wannan, shi ya sa zan taƙaita.

Motarka ta zo. Ta zo ina tsakiyar zagayawa da malaman wata makaranta, bakina bai rufe daga cewa gidan nan ba siminti a jikinsa ba, sai ga buhuna ana jibgewa a ƙofar zaure. Wani mai hular kwano ya zo yana ƙwanƙwasa bangon kakana da guduma yana cewa a nan za su fara. Mutanen gari suka taru suna kallona. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba.

Kai da ka yi karatun gini, ba a gaya muku abin da siminti yake yi wa bangon ƙasa ba? Ƙasa tana shan ruwa ta fitar. In ka rufe ta da siminti, ruwa zai sami kafa ya shiga, ya rasa hanyar fita. Gidan Sarkin Noma na nan kusa da mu haka 'ya'yansa suka yi masa. Shekara uku yana ƙyalli, ashe ciki ya ruɓe kamar kabewa. A damina ta huɗu ya zube da rana tsaka, Allah ya sa ba kowa a ciki. Wannan kake so wa littattafan Malam Iliyasu?

Na ba maginanka abincin buɗa baki, na sallame su. Simintin na sa an kwashe an kai Gwaram, ba zai kwana a ƙofata ba.

Kakanka ya sa ƙafa ya bar gidan nan, ba wanda ya zage shi. Kai kuma ka zo kwana uku, ka ɗauki hoto, ka koma ka aiko mana da lebura. Soron Gandu ba kwangila ba ne. In iyakar abin da za ka iya ke nan, ka riƙe abinka, mun gode.

Sulaimanu

Gwaram,
22 ga Afrilu

Yaya Jafaru,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya Anti Turai da Sadiqa? An yi sallah lafiya? Mu nan lafiya, sai Baba da ba ya jin daɗi, shi ne ma dalilin takardar nan. Na kira ka sau biyar ba ka ɗaga ba. Na san fushi kake yi, don haka na bi hanyar Baba na ba Musaddiq.

Na ga abin da ya rubuta maka, domin ya nuna mini yana huci. Ya yi tsauri, na gaya masa. Amma akwai abin da ba ka sani ba, shi kuma ko za a yanka shi ba zai buɗe baki ya roƙi ɗansa ba. Ni ba ni da wannan ciwon, bari in faɗa maka.

Malam Iliyasu 'ya'ya maza huɗu ya bari. Kafin ya rasu ya raba musu bangon soron, kowa da nasa, shi da zuriyarsa. Ranar yaɓe, mai bango shi yake fara sa ƙafa a ramin kwaɓi, shi yake fara maka wa bangon ƙasa da hannunsa. Bayan nan kowa ya taya shi. Amma in bai fara ba, ba mai taɓawa. Za ka ce taurin kai ne, ni ma na sha faɗa. Sai dai shi ya sa har yau kowane gida yake turo 'ya'yansa, don ba mai son a ce bangonsu ne ya zauna tsirara.

Bangon gabas na kakanka Usaini ne, Yaya. Naku ne. Ranar da zai tafi ya kama hannun kakana Abdulsalami ya ce ya riƙe masa har ya dawo, ko wani nasa ya dawo. Kakana ya riƙe har ya rasu, Baba ya karɓa. Da ka zo ka kwana a gidan ka ci tuwonsa, dattawan dangi suka ce to, na Usaini ya dawo, riƙo ya ƙare. Murnar da Baba ya yi ba ta faɗuwa. Da ya tsaya yana dubanka yana duban bango, jira yake ka tambaya na wane ne. Da ya rubuta maka ranar yaɓe, gayyatarka yake yi. Sai ga siminti.

Bayan sallah ya ce tun da mai shi ya ƙi, shi zai ƙara shekara ɗaya, ko dattawa sun so ko sun ƙi. Ya faki idonmu ya shiga ramin da ake jiƙa ƙasa, wai zai gwada ƙafarsa. Gwiwar ta turguɗe, sai ɗauko shi aka yi. Yanzu ta kumbura, ko tsayuwa ba ya yi. Na roƙe shi a sauko da littattafan ƙasa, ya ce ba za su bar inda mai su ya ajiye su ba.

Saura kwana goma sha biyu. Hadari ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa. Ba wanda ya rage da zai fara bangon nan sai kai. Ban ce ka iya ba, ba wanda ya ce sai ka iya. Ƙafarka kawai ake nema a ramin.

Simintinka yana ɗakin ajiyar Islamiyyarmu, ba a taɓa ko buhu ɗaya ba. Ka faɗi yadda za a yi da shi.

Ƙanwarka,
Barira

Fatakwal,
28 ga Afrilu

Barira,

Wa alaikumus salam. Lafiyarmu lau. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri. Ki yafe mini rashin ɗaga waya.

Gaskiya takardarsa ta yi mini zafi. Na ce na yi abin kirki an watsa mini ƙasa a ido, har na ce da Turai ni da Birnin Kudu sai a hoto. Da na karanta taki sai na gane kuskurena. Da ya ce gidan bai taɓa ganin siminti ba, ni na ɗauka kuka yake yi, ashe kirari yake yi. Kuma na san abin da siminti yake yi wa ƙasa, an koya mana. Gaggawar in nuna ni ma ɗa ne ta rufe mini ido. Mahaifina bai taɓa gaya mini muna da bango ba, ina jin shi ma bai sani ba.

A wurin aiki sun ce ba hutu a makon nan, muna zuba kankare. Na sami abokin aiki zai tsaya mini, sauran kuma in na dawo ma ji da shi. Zan taho da wannan motar ta Musaddiq in ta juyo.

Kada ki gaya wa Baba. Ina jin nauyin haɗa ido da shi, gara ya gan ni a cikin ramin. Simintin ku daɓe ƙasan ajin yara da shi.

Yayanki,
Jafaru

Soron Gandu,
26 ga Mayu

Amaryata Sadiqa,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya jarrabawa? Ita ce ta hana ki zuwa, na sani, amma ban yafe ba tukuna. Ki gaishe da mahaifiyarki. Gwiwata ta saɓe, ina dogara sanda zuwa masallaci.

Ke zan ba labari, don na san ubanki ba zai faɗa miki daidai ba, zai rage wuraren da ba su yi masa daɗi ba.

Ranar Asabar ɗin da hantsi aka ɗauko ni a kujera aka ajiye a gindin tsamiya. Dangi sun cika gida, mata suna ta ɗora tukwane, bango uku duk an fara. Ramin gabas kuwa ga ƙasa ta jiƙu, ga makuba, ba kowa a bakinsa. Na sa aka juya mini kujera don kada in riƙa ganinsa. Raina a ɓace yake, ba na ɓoye miki.

Sai na ji acaɓa ya tsaya. Na waiga, na ga mutum ya sauko da 'yar jaka, wandonsa da karin guga. Ko inda nake bai duba ba. Ya ajiye jaka, ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya nufi ramin gabas. Har masu daka suka tsaya suna kallonsa. Ya sa ƙafar dama, ya sa ta hagu, ya yi taku biyu, sai santsi ya kwashe shi ya zauna daɓas a cikin taɓo. Injiniya guda. Mata suka kwashe da dariya har da masu riƙe ciki. Ya tashi yana dariyar shi ma, ya ci gaba da taku.

Da ƙasa ta kwaɓu ya ɗebo da hannu biyu, ya yi bisimilla, ya maka wa bango. Rabi ya kama, rabi ya dawo masa a ƙafa. Ai kuwa kafin ya sake ɗebowa, samarin gida uku sun bar nasu bangon sun yo kansa. Wannan ya hau tsani, wannan yana miƙa ƙasa, tsofaffin magina suka cusa sabon tubali a tsagar suka ɗinke ta. Ni kuma na sa aka matso da kujerata, ina gaya masa ya danna da tafin hannu, ba shafa mai yake yi ba. Barira ta ce muryata har bakin hanya. Ta kuma ce wai na yi hawaye. To, na yi.

Sai da aka tashi cin abinci ya zo ya durƙusa a gabana, taɓo har gira. Na ce ka zo? Ya ce na zo, Baba. Na ce to je ka wanke hannu ka ci tuwo. Kwana uku ya yi yana aikin nan, tafin hannunsa duk ya yi ƙurji, bai fasa ba.

Akwai wata takarda da na rubuta masa da azumi. Ki bincika kayansa ki nemo ta ki sa a murhu. Ba sai kin karanta ba.

Ruwan fari ya sauka ranar Alhamis bayan la'asar, da iska mai ƙarfi, daga gabas kamar kullum. Ban gaya wa kowa ba, na ja gindi na hau matakala ɗaya bayan ɗaya har ɗakin littattafai. Na zauna na ɗora tafin hannuna a jikin bangon, ina jin ruwa yana dukansa ta waje. Har aka ɗauke ruwan, hannuna a bushe yake. Saukowa ce ta gagare ni, sai da aka zo aka ɗauko ni ana yi mini faɗa.

Jiya wani malami ya kawo ɗalibansa, sun fito daga kallon duwatsu suka biyo ta nan. Ya zagaya soron, ya tsaya a gabas, ya ce Baba, me ya sa wannan bangon bai kai sauran sumul ba, ga tudu ga kwari, ga shatin yatsu ko'ina? Shekara arba'in da biyu in aka tambaye ni bangon nan, cewa nake na wasu 'yan'uwanmu ne da suke kudu, riƙo nake yi musu. Jiya na gyara tsayuwa a kan sandata na ce masa, na gidan Usaini ne, mai shi ne ya yaɓe shi da hannunsa, bai gama iyawa ba tukuna, baɗi zai fi haka. Na faɗa na sake faɗa, har malamin ya ce ya ji.

Kakanki,
Sulaimanu Abdulsalami